Tsare Orka a Tafkunan Nishaɗi: Lahanin Jiki da Makomar Waɗanda Suka Rage

Tsakure

Maƙalar nan ta nazarci halin da orka ke ciki a wuraren nishaɗi na Amurka, Kanada da Faransa, bisa binciken masana da tarihin wasu da aka tsare. Hujjarta ita ce cutarwar daga tafkin kansa take fitowa, kuma hana su haihuwa bai wadatar ba muddin ba a tanadar wa masu rai wurin komawa ba.

Teku da tafki

Orka dabbar teku ce mai shayarwa, ita ce babba a dangin dolfin. Takan ninƙaya fiye da kilomita 100 a rana cikin zuri'ar da uwa ke jagoranta, kowace zuri'a da irin kiranta. A wasu garkunan gaɓar Kanada ta yamma, ɗa ba ya barin uwarsa sai mutuwa ta raba.

Daga irin wannan zuri'a aka ciro Lolita a Penn Cove, jihar Washington, a 1970. Ta shekara 53 a Miami Seaquarium, cikin tafkin da zurfinsa bai wuce mita 6 ba, wato kusan tsawon jikinta. Tun mutuwar abokin zamanta Hugo a 1980 ba ta sake ganin ɗan jinsinta ba, har ta mutu a Agustan 2023.

Shaidar haƙora

A ganina, babu shaidar da ta kai ta haƙora ƙarfi, domin ana iya auna ta. A 2017 John Jett da abokan aikinsa sun duba orka 29 mallakar kamfanin wuraren nishaɗi na SeaWorld, suka tarar duk suna da lahani a haƙora, kuma an huda wa fiye da kashi 60 cikin ɗari. Sanadin shi ne ƙunci da rashin abin yi, wanda ke sa su gaigayar bangon siminti da ƙofofin ƙarfe. Idan haƙori ya cinye har cikinsa ya buɗe, sai a huda, a bar ramin a buɗe, a riƙa wanke shi kullum don gudun ƙwayoyin cuta. Wannan jinya ce ta ciwon da wurin zaman ya haifar, kuma ba ta da ranar ƙarewa.

Doka da abin da ta bari

Bayan wani orka mai suna Tilikum ya kashe mai horar da shi, Dawn Brancheau, a 2010, da fitowar fim ɗin Blackfish a kan labarinsa a 2013, ra'ayin jama'a ya juya. SeaWorld ta daina shirin haihuwar orka a 2016. Kanada ta yi dokar hana tsare su a 2019, Faransa ta biyo a 2021.

Sai dai rufe wuri ba ya 'yantar da na ciki. Wurin nishaɗi na Marineland da ke Antibes a Faransa ya rufe a Janairun 2025, amma aka bar orka biyu, Wikie da ɗanta Keijo, cikin tsofaffin tafkuna ana ta jayayya kan inda za a kai su. Sakin su cikin teku ba mafita ba ce, tunda a tsare aka haife su, ba su taɓa farauta ba. Ko wani orka mai suna Keiko, wanda a teku aka haife shi aka kuma mayar da shi Iceland a 1998, bai daina neman kusantar mutane ba har ya mutu a Norway a 2003.

Abin da ya rage shi ne mafakar gaɓar teku: a killace mashigin ruwa da raga, a ci gaba da ciyarwa da jinya, ba wasa, ba haihuwa. Irinta ake shirin ginawa a Port Hilford da ke Nova Scotia a Kanada. Ya wajaba duk dokar hana tsarewa ta ɗora kuɗin gina irin wannan mafaka a kan kamfanonin da suka ci ribar nunin dabbobin.