Umarnin Da Ake Rubuta Wa Ido

Tun da na ajiye aiki na dawo Tasawa, ba abin da ke sosa mini rai kamar tambayar ɗan ƙanwata, wanda yanzu yake kula da sabobin wani ofishi a Mayahi. "Kawu," in ji shi, "me ya sa kuka yi ta wahala da monita, alhali komai na kan allo, dannawa kawai za ka yi?" Na ce masa, "Ɗana, allon nan ba ya nuna maka sai ɓarnar da mai zana shi ya hango."

Mu da muka kama QEMU, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a cikin kwamfuta, 'yan shekaru bayan Fabrice Bellard ya fitar da shi a 2003, tun KVM bai shiga Linux a 2007 ba, monita, wato wurin da ake buga wa QEMU umarni a rubuce, ita ce idonmu. Kwamfutar ciki ta sandare, ka danna Ctrl+Alt+2, ka buga info registers, ka leƙa ma'ajiya da xp, in ta kama ka tura sendkey. Abin da ya ɓace yau shi ne mataki na gaba: idan abin da kake nema babu umarninsa, kai za ka rubuta.

Maigidana a Yamai, Allah ya jiƙansa, shi ya koya mini. Ka ƙara layi a teburin umarnai na monitor.c, ka zuba abin da kake so da term_printf, wanda daga baya ya koma monitor_printf, ka sake gina manhajar. Yana da sharuɗɗa uku da ba ya sassautawa: umarnin bincike kada ya taɓa komai, kada ya tsayar da kwamfutar ciki, kuma kowace lamba ta zo da ma'auninta. Ka kawo masa "4096" tsirara, sai ya tura maka allon ya ce, "Na mene ne? Buhun gero?"

Ban ga amfanin tsaurinsa sosai ba sai da aiki ya dawo da ni yankinmu. Da bazara wuta ta ɗauke ta dawo, injin wuta ya ƙi tashi, saba ta farka rabi da rabi a Mayahi, ni kuwa ina Tasawa. Layin intanet na lokacin ba ya ɗaukar hoton allo ko kaɗan, rubutu kaɗai ke wucewa. Da SSH da 'yan layukan da muka rubuta da hannunmu muke gane ko faifai ne ya maƙale ko katin sadarwa, ba tare da an hau mota ba.

To amma rubutun nan da muke alfahari da shi ya jawo rigima. Libvirt, manhajar da ke sarrafa QEMU daga waje, ya riƙa karanta shi kamar mutum, yana tsintar kalmomi. Wani ya sauya tazara ɗaya, kayan jama'a su tsaya. Shi ya sa aka kawo QMP a sigar 0.12, ƙarshen 2009, aikin da Luiz Capitulino ya jagoranta, inda na'ura ke magana da na'ura da JSON. Sai QAPI ya biyo baya: kowane umarni sai ka fayyace siffar amsarsa filla-filla, kuma ka ɗauki alkawarin ba za ta canza ba. Ga mai sarrafa dubban sabobi wannan alheri ne. Ga mai son leƙa wata ƙididdiga ta cikin ciki da tsakar dare kuwa, kaya ne mai nauyi, kuma mun yi ta gunaguni.

Sai a 2021, a sigar 6.2, Daniel Berrangé ya shigo da hanyar da ta raba gardama. Umarnin bincike ya zauna a QMP, amma ya mayar da HumanReadableText, wato zallar rubutu a gurbi ɗaya, sunansa kuma ya fara da x-, kamar x-query-roms da x-query-jit. Tsohon info roms ya zama ɗan aike kawai. Ran da na karanta wannan na tuna maigidana, domin ra'ayinsa ke nan tun farko: akwai amsar da ido ake rubuta wa.

Takaicina da yaran yanzu shi ne ba su karanta harafin nan. Ma'anar x- ita ce babu alkawari, gobe ana iya sauya shi. Amma sai su ɗora manhajar sa-ido a kan rubutunsa, su sake faɗawa ramin da libvirt ya fita daga ciki tun tuni, sabuwar siga ta zo su ce QEMU ya lalace. Wasu kuma su buga virsh qemu-monitor-command, su ga an yi wa na'urar tambarin tainted a rajista, su firgita, ba su san gargaɗi ne kawai cewa an bi ta bayan libvirt ba.

Abin da na'ura za ta dogara da shi, a ba shi cikakkiyar siffa a QAPI. Abin da mutum zai karanta yana neman ɓarna, a sa masa x-, a rubuta shi yadda mai gyangyaɗi zai gane, kowace lamba da ma'auninta.