Tafiya Gida Domin Kirsimeti: Tarihin Masu Bi na Ƙasar Kudan, Maƙarfi da Ikara

Karatu: Luka 2:1-7

 Idan watan Disamba ya raba, hunturu ya sauko, an yanke dawa an kai rumbu, sai tashoshin mota na Zariya da Kaduna da Kano su cika da jama'a, kowa da ƙunshin tsarabarsa. A cikinsu akwai 'ya'yan ƙasar Kudan da Maƙarfi da Ikara, masu komawa ƙauye su yi Kirsimeti tare da iyaye da abokan ƙuruciya. Yau muna so mu duba yadda aka yi har masu bi na wannan ƙasa suka sami gidan da za su koma, gama ba kullum ne suke da shi ba.

A shekarar 1900 Bishop Tugwell na mishan ɗin CMS ya isa Kano tare da abokan tafiyarsa, cikinsu har da Likita Walter Miller. Sarki Aliyu bai yarda su zauna ba, sai suka juyo kudu suka sauka a Girku. A 1905 Likita Miller ya koma cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da makaranta. Masu bi na farko kaɗan ne ƙwarai, yawancinsu kuwa yara ne 'yan makaranta. Waɗansunsu, saboda bangaskiyarsu, ba su iya zuwa wurin dangi ran biki. Gidan mishan shi ne gidansu.

A 1913 waɗansu mutane suka zo wurin Likita Miller suna neman ƙarin bayani a kan Annabi Isa. Su almajiran koyarwar Malam Ibrahim ne, wani malamin Kano wanda ya ɗaukaka sunan Isa cikin wa'azinsa, har aka kashe shi a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. Mabiyansa, waɗanda ake kira Isawa, suka warwatsu wajen Ningi da gabashin ƙasar Zazzau. Da waɗansunsu suka karɓi bishara, sai aka tara su wuri ɗaya a Gimi, cikin ƙasar Maƙarfi ta yau, kusa da hanyar jirgin ƙasa da ta isa Kano a 1911, wadda ta bi ta Likoro da Gimi. Rabaran W. A. Thompson ne ya yi kiwonsu. Suka sari gonaki, suka gina majami'a da makaranta. Nan ne Hausawa masu bi suka fara samun ƙauye nasu na kansu, inda uba da uwa da 'ya'ya za su yi sujadar Kirsimeti tare da harshensu.

Amma zaman bai daɗe ba. Ƙudan tsando ya yi yawa a rafukan wurin, ciwon barci ya shiga ƙauyen ya kashe mutane da yawa. Cikin 'yan shekaru kaɗan ƙauyen masu bi na Gimi ya watse, waɗanda suka ragu kuma da dama suka koma Zariya. Wannan cuta ta ci gaba da damun ƙasar, har Turawan mulki suka share kurmin rafuka a wajen Anchau, suka kafa sabon gari mai suna Takalafiya. A 1929 mishan ta tashi daga cikin birni ta koma Wusasa, aka gina majami'ar St. Bartholomew da ginin ƙasa irin na Hausa, ga asibiti da makaranta. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Daga zuriyar Isawan nan ne aka sami Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. To, kun ga, hatsin da ya zube a Gimi bai lalace duka ba.

Kashi na biyu na tarihin ya shafi Maguzawa, wato Hausawan da suka riƙe al'adar kakanni, suna zaune a manyan gidajen gona a bayan garuruwa. A zamanin Turawa an taƙaita wa'azin mishan a ƙasashen sarakuna, saboda haka bishara ta yi jinkirin shiga waɗannan gidaje. Sai wajen shekarun 1970 aka ga mutane suna tuba gida gida, ta hannun masu bishara 'yan ƙasa na Angilika da ECWA da Baptis da Katolika da sauransu, waɗanda suka yi ta zagawa a kan keke da ƙafa. Rediyo ma ya yi nasa aikin. Gidan rediyon ELWA da aka buɗe a Laberiya a 1954 ya watsa shirye-shiryen Hausa. Muryar Bishara kuma tana shirya nata a Jos, ana watsawa daga Addis Ababa ta ƙasar Habasha daga 1963 har zuwa 1977, lokacin da gwamnatin soja ta can ta ƙwace tashar.

A daidai wannan zamani ne yaran ƙauye suka fara fita. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya shigar da yara da yawa makaranta. Daga nan waɗansu suka zama malamai, waɗansu suka shiga soja da ɗan sanda, waɗansu suka sami aiki a masaƙun Kaduna ko a jami'a a Samaru. Fita nema ba sabon abu ba ne ga Bahaushe, gama tun dā akwai cin rani. Sai dai mai cin rani yakan dawo da saukar damina, amma ma'aikaci ba ya samun dawowa sai lokacin hutu. Kirsimeti kuwa ta faɗo a kan kaka: akwai hatsi a rumbu, ana saran rake ana dafa mazarƙwaila, manomi yana da ɗan kuɗi a hannu. Shi ya sa iyalai suka riƙa ajiye ɗaurin aure da baftisma da shawarar gida zuwa wannan lokaci, domin kowa yana nan.

Wanda ya taɓa yin Kirsimeti a waɗannan ƙauyuka ya san yadda take. Majami'ar da ba ta cika ran Lahadi sai ta cika har waje. Zumuntar mata ta fito da tulu da kacau-kacau, matasa su kwana suna waƙa gida gida. A dafa shinkafa, a yanka akuya, a aika wa maƙwabta Musulmi da nasu rabo, kamar yadda su ma sukan aiko da Sallah. Sau da yawa ma ba maƙwabta kaɗai ba ne, wa ne da ƙane, kakansu ɗaya. Wannan zumunci ya sha gwaji. A watan Maris 1987 rikicin da ya tashi a Kafanchan ya bazu zuwa Zariya da waɗansu garuruwa, aka ƙone majami'u da yawa. Duk da haka mutane suka sake gini, 'ya'ya kuma ba su daina zuwa gida ba. A 1996 aka ba Kudan ƙaramar hukumarta mai hedkwata a Hunkuyi, a 1997 kuma aka kafa Diyosis na Wusasa.

Yanzu fa, 'yan'uwa? Manyan masaƙun Kaduna sun rufe tun shekarun 2000. Tun da aka janye tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya yi nauyi ga mai iyali, ga kuma tsoron masu satar mutane da ya sa waɗansu suka rage tafiya. Mutum yakan buga waya, ya aika kuɗi, ya ce ya yi zumunci. Aikawa abu ne mai kyau, amma Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Tsofaffin da suka ga shigowar bishara a ƙauyukanmu suna ta ƙarewa, ga yara da aka haifa a birni ba su san gonar kakansu ba, ba su san kabarinsa ba. Labarin Gimi ya koya mana cewa gida yana iya watsewa. Wancan cuta ce ta watsa shi. Kada namu ya watse saboda sakaci.

Saboda haka wanda Allah ya ba iko, ya tafi, ya yi tafiyarsa da rana, ya ɗauki yaransa. In ka isa, ka zauna gaban dattawa ka tambaye su wanda ya fara kawo bishara gidanku da shekarar da aka gina majami'a, ka rubuta ka ajiye. Ka gai da mai unguwa da abokan ƙuruciya, Kirista da Musulmi. In akwai rigimar gona ko ta gādo tsakaninka da ɗan'uwanka, ku shirya kafin ku shiga sujada.

A cikin karatunmu mun ga Yusufu ya tafi Baitalami, garin kakansa Dawuda, tare da Maryamu, saboda umarnin Kaisar Augustas na ƙidaya. Ya isa garinsu, amma ba su sami wuri a masauki ba, har aka kwantar da Mai Ceto a komin dabbobi. Har yau akwai irinsu a cikinmu: gwauraye, marayu, da sababbin masu bi waɗanda dangi suka juya musu baya. Wanda bai sami tafiya ba bana, bari ya buɗe ƙofarsa ga ɗaya daga cikinsu.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na Sama, mun gode maka domin waɗanda suka riga mu cikin bangaskiya a Gimi da Wusasa da ƙauyukanmu. Ka kiyaye matafiya a hanya, ka sulhunta gidajen da suka rabu, ka ba ƙasarmu salama. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.