Ɗan Maraya Jos: Mawaƙin da ya yi wa karen mota kirari

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan, a kan hanyar Kano zuwa Zariya, a tsakiyar rani, ya san irin hada-hadar da ake yi a wurin. Kwanduna ne jibge daga gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, ga manyan motoci sun yi layi za su Kudu. Dillali kowa ya san sunan sa, mai mota ma haka. Amma yaron da ya ɗora kwandon, ya ɗaure igiya, ya kwana a bayan mota har Legas, shi sunan sa "Kai yaro!" A tarihin waƙar Hausa, mutumin da ya fito fili ya ce wannan yaron ma ya cancanci a waƙe shi, kuma duniya ta saurara, shi ne marigayi Alhaji (Dakta) Adamu Ɗan Maraya Jos.

An haifi Adamu Wayya a cikin 1946 a garin Bukuru, kusa da Jos. Mahaifin sa makaɗin fadar Sarkin Bukuru ne, kuma ya rasu jim kaɗan da haihuwar yaron. Ba a daɗe ba mahaifiyar ma ta bi bayan sa. Sarkin ne ya ɗauki jaririn ya riƙe, daga nan sunan Ɗan Maraya ya bi shi har kabari.

Mai karatu ya lura da garin da ya tashi. Bukuru ta wancan zamani garin kuza ce. Kamfanonin Turawa sun tara dubban leburori daga ƙasar Kano da Katsina da Sakkwato da Barno, kowa ya baro gida ya zo neman taro da sisi. A can ƙasar Hausa kowace tsohuwar sana'a ta na da makaɗan ta: mahauta da kalangu, manoma da gangar noma, 'yan dambe su na da irin su Ɗan Anace, sarakuna kuma su na da su Narambaɗa da Ɗanƙwairo. To amma sababbin sana'o'in da zuwan Bature ya haifar, wato leburanci da bin mota da dako a tasha, ba su da sarki, ba su da makaɗi. A cikin waɗannan mutane Adamu ya buɗe ido.

Wata tafiya da ya yi zuwa Maiduguri ya na saurayi ce ta haɗa shi da kuntigi. Ya ga masu kaɗa shi, abin ya burge shi, ya dawo ya haɗa nasa. Kuntigi dai ba wani abin a-zo-a-gani ba ne: gwangwanin kifi ne a rufe da fatar akuya, da ɗan sanda, da tsirkiya guda ɗaya tal. Sai dai wannan ƙanƙantar ita ce ta ba shi 'yanci. Makaɗin fada ya na tafe da 'yan amshi da makaɗa da sanƙira, mutum goma ko fiye, kowa da iyali, don haka dole ya raɓi ubangidan da zai ɗauki nauyin su. Shi kuwa Ɗan Maraya shi kaɗai ne, kayan aikin sa ba su fi a rataya a kafaɗa ba. Wanda bai da bakuna goma da ke jiran sa ya na iya yi wa wanda bai da ko kwabo waƙa. Kuma da yake babu amshi da zai huta a kai, babu ganguna da za su rufe masa asiri, tilas maganar da ke cikin waƙar ta riƙe mai sauraro daga farko har ƙarshe.

Waƙar da ta fito da shi ita ce 'Karen Mota'. Sunan kan sa zagi ne, shi ya sa yau mu ke sakaya shi mu ce "yaron mota". Ɗan Maraya ya ɗauki wannan mutum da ake wulaƙantawa, mai cire taya, mai tura mota in ta mutu, mai lodi da sauke kaya, ya bayyana wahalar sa dalla-dalla kamar yadda ake jera nasarorin sarki a fagen yaƙi. Daga baya ya yi wa lebura tasa waƙar, ya kuma yi 'Mai Akwai Da Babu' kan zaman mai kuɗi da talaka.

Zamani ma ya taimake shi. An buɗe gidan rediyon Kaduna a cikin 1962, ga faifan garmaho na kamfanoni irin su EMI, daga baya kaset ya shigo ya cika tashoshi da kasuwanni. A da, sai ka je fada ko gidan biki kafin ka ji makaɗi. Yanzu kuwa waƙa ce ke iske ka har inda ka ke. Muryar mutum ɗaya da tsirkiya ɗaya ta na fita tangaran a ƙaramar rediyo mai batir, ba kamar taron kiɗa mai hayaniya ba. A daidai waɗannan shekaru ne aka kammala dam ɗin Tiga, a cikin 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ya biyo magudanai ya iso Kadawa. Noman rani ya jawo 'yan ci-rani da 'yan ƙwadago da motocin ɗaukar kaya, wato ainihin mutanen da ke cikin waƙoƙin sa. Dattawan yankin mu har gobe su na tuna yadda ake rataye rediyo a bakin gona ana dashe ko tsinkar tumatir, kuntigi na tashi.

A matsayi na na mai sharhin finafinai, abin da ya fi ɗaukar hankali na shi ne waƙoƙin sa na zaman aure. Ka saurari 'Gulma-Wuya' da kyau, za ka ga cikakken wasan kwaikwayo ne. Akwai magulmaciya mai shiga gida-gida ta na kashe aure, akwai bokan da su ke haɗa baki da shi, akwai matar da aka hure wa kunne. Ɗan Maraya shi ne marubuci, shi ne darakta, shi ne duk 'yan wasan, ya na sauya murya daga wannan zuwa wancan ba tare da mai sauraro ya rikice ba. Haka ya yi wa'azin zaman tare a 'Jawabin Aure', ya kuma caccaki yi wa 'ya'ya mata tilas a 'Auren Dole'. Duk wannan ya faru ne tun kafin ƙungiyar Tumbin Giwa ta fito da 'Turmin Danya' a cikin 1990, fim ɗin da ake lissafa farkon harkar bidiyo a Kano daga kan sa. Jigogin da furodusoshin mu su ka shekara talatin su na juyawa, mutum ɗaya ya riga ya gama da su cikin 'yan mintuna.

Kada kuma a ɗauka waliyyi mu ke bayani. Ɗan Maraya ya yi wa manya waƙa kamar kowane mawaƙi, ya kuma karɓi kyautar su. Lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙi da dama na ƙarfafa gwiwa, har da bayanin abin da ke faruwa a fagen daga. Sannan a gani na, yawancin waƙoƙin sa na talakawa su na ƙarewa ne da nasiha da ba da haƙuri. Bai cika tambayar dalilin da ya sa lebura ke kwana da yunwa alhali shi ya yi aikin ba. Mai neman irin zafin waƙoƙin NEPU ba zai same shi a nan ba. Amma ko ba komai ya sa mai mota ya ji labarin yaron sa daga bakin rediyon da ke cikin motar tasa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ɗaukaka ta zo masa gwargwado. Ya kai kuntigin sa ƙasashen waje, gwamnatin tarayya ta ba shi lambar girma ta MON, Jami'ar Jos kuma ta ba shi digirin dakta na girmamawa. Duk da rikice-rikicen da su ka addabi Jos tun daga watan Satumba na 2001, bai bar garin da sunan sa ke maƙale da shi ba. A can Allah ya yi masa rasuwa ran Asabar, 20 ga Yuni, 2015, cikin watan azumi, wata shida bayan rasuwar Rabilu Musa Ibro.

Na ambaci Ibro ne da gangan, domin a nan matsalar mu ta ke. A finafinan mu, in ka ga ɗan dako ko yaron mota ko mai gadi, to an kawo shi ne don a yi dariya. Ibro ya yi wannan da gwaninta, Allah ya jiƙan sa, amma bayan dariyar fa? Labarin gaske kullum na Alhaji ne da ɗan sa da ya dawo daga Turai, a falo mai kujerun alfarma. In ka cire shirye-shirye ƙalilan irin su 'Daɗin Kowa' na tashar Arewa24, da wuya ka ga an bi talaka har ɗakin sa an saurari damuwar sa. Mawaƙan fiyano kuwa, in ba soyayya ba, to ɗan siyasa mai biya. Alhali waɗannan leburori da yaran mota su ne su ka riƙa haɗa kuɗi su na hayar kaset a da, su ne kuma yau ke zuwa wurin masu tura finafinai a waya.

Daga Kano zuwa Kwanar Gafan ba ta kai tafiyar awa ɗaya ba. Akwai yaron da ya raka tumatir har Legas, mota ta lalace a hanya, kaya su ka ruɓe, ya dawo ba ko sisi kuma ga auren sa saura mako biyu. Marubucin da ke kukan labari ya ƙare, ya je can ya zauna yini guda. Ɗan Maraya ya yi nasa da gwangwanin kifi, mu kuma ga kyamara a hannun mu.

Allah ya jiƙan Alhaji Adamu, ya gafarta masa kurakuran sa, amin.