Masaƙun Kaduna da kasuwar ƙetare

Masaƙun Kaduna rukunin kamfanonin saƙa ne da aka kafa a Kakuri, kudu da kogin Kaduna, kusa da hanyar da ta bi ta Gonin Gora zuwa Abuja. Bunƙasarsu da durƙushewarsu misali ne na yadda sabunta kayan aiki da kiyaye muhalli ke shafar ƙarfin kamfani na sayar da kayansa a ƙasashen waje.

Tarihi

An buɗe Kaduna Textiles Limited a shekarar 1957, da haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila. Daga baya aka kafa United Nigerian Textiles Limited, wato UNTL, a 1964 da jarin 'yan kasuwar Hong Kong, sai kuma Arewa Textiles da jarin Japanawa. Masaƙun sun dogara da audugar da ake nomawa a yankunan Funtuwa, Gusau da Zariya, sun kuma ɗauki dubban ma'aikata.

Fitar da kaya

Bayan faɗuwar darajar naira a 1986, atamfar Najeriya ta yi araha a ƙasashen da ke amfani da sefa, inda fatake suka riƙa kai ta Nijar, Benin da Kamaru. Wannan riba ta dogara ne da canjin kuɗi, shi ya sa ta ragu da aka karya darajar sefa a Janairun 1994. A 1997 gwamnati ta ɗage haramcin shigo da yadi, atamfar Sin mai rahusa kuma ta cika kasuwanni.

Sabunta kayan aiki

Yawancin masaƙun sun ci gaba da aiki da tsofaffin injina masu cin wuta da mai. Ƙarancin lantarki ya tilasta musu dogaro da janareta da baƙin mai, abin da ya ɗaga kuɗin sarrafa kowane yadi. Lokacin da Amurka ta kafa dokar AGOA a 2000, wadda ta yafe haraji ga tufafin Afirka, Lesotho da Kenya ne suka fi cin moriyarta. Kaduna Textiles ya rufe a 2002, UNTL kuma ya dakatar da aiki a 2007.

Muhalli

Ruwan rini daga masana'antun Kakuri ya riƙa bin magudanun Kakuri da Makera yana faɗawa kogin Kaduna, wanda masunta da manoman rani ke dogara da shi. A kasuwar duniya kuwa, batun sinadaran rini ya zama sharaɗin ciniki. Jamus ta haramta wasu nau'o'in rinin azo a 1994, Tarayyar Turai ta bi sahu a 2002. Kamfanin da bai cika waɗannan ƙa'idoji ba, ba zai iya shigar da kayansa Turai ba, komai araharsu.

Yunƙurin farfaɗowa

Gwamnatin Tarayya ta ware naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu don tallafa wa harkar auduga da saƙa, UNTL ya kuma sake buɗewa a 2010. A 2018 an amince da sabon irin auduga mai jure tsutsa, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta gwada. A 2019 Babban Bankin Najeriya ya daina bai wa masu shigo da yadi kuɗin waje. Duk da haka, yawancin masaƙun Kakuri suna nan a rufe.