Daga Kayan Wasan Japan Zuwa Wayoyin Yaran Matankari: Tarihin Fim Ɗin Transformers

Wata ranar Talata ina koyar da tarihi a aji, na lura da wani yaro a bencin baya ya duƙar da kai yana ta zane. Da na karɓi littafin sai na ga babbar mota mai hannuwa da ƙafafu, riƙe da takobi. Na tambaye shi ko wane ne wannan. Ajin gaba ɗaya ya amsa da baki ɗaya: Optimus Prime. Sai na tambaye su abin da ya faru a Lugu a 1899. Hannuwa uku kacal aka ɗaga, alhali Lugu nan Arewa take, ba wata duniya ba. Wannan ne ya sa na zauna na kalli fim ɗin Transformers daga farko har ƙarshe, na kuma bi asalinsa, domin in san wanda ya riga ni shiga zukatan ɗalibaina.

Abin da ya kamata iyaye su fara sani shi ne, kayan wasa ne suka haifi wannan labari. A farkon shekarun 1980 kamfanin Takara na Japan yana ƙera 'yan motoci da ake lanƙwasawa su koma mutum-mutumi. Kamfanin Hasbro na Amurka ya sayi haƙƙin sayar da su, ya raɗa musu suna Transformers a 1984. A daidai lokacin hukumomin Amurka sun sassauta dokokin talla a shirye-shiryen yara, don haka aka shirya zanen katun na talabijin, aka ƙirƙiro yaƙi tsakanin Autobots na kirki da Decepticons miyagu, don yaro ya matsa wa uwayensa a saya masa jaruminsa. A fim ɗin katun na 1986 ma kashe Optimus Prime aka yi domin a samar wa sababbin kayan wasa wuri a kasuwa. Yara suka yi ta kuka, iyaye suka yi ta ƙorafi, sai aka dawo da shi da rai.

Babban fim ɗin da yaranmu suke turawa juna a waya ya fito a 2007. Michael Bay ne ya ba da umarni, Steven Spielberg yana cikin masu ɗaukar nauyi. An kashe kusan dala miliyan 150, ya kawo sama da miliyan 700. Labarin wani saurayi ne, Sam, da ya sayi tsohuwar mota, ashe mutum-mutumi ce mai suna Bumblebee daga duniyar Cybertron, kuma ɓangarori biyu suna neman wani akwati mai ba injina rai.

In za mu faɗi gaskiya, fim ɗin yana da abin yabo. Yadda mota take buɗewa, ƙarafa su juya kowanne ya sami gurbinsa, aiki ne na ƙwararru a kwamfuta, har ya sa aka saka fim ɗin takarar Oscar a fannoni uku da suka shafi hoto da sauti. Yaron da ya ga wannan yakan fara tambayar yadda inji yake aiki, kuma duk malami ya san tsadar irin wannan tambaya. Tun kafin Hasbro, yaranmu suna ƙera motoci da karan dawa da gwangwanin tumatir. Yanzu wasunsu suna ƙara musu gaɓoɓi masu motsi da waya da roba. Haka kuma Optimus Prime shugaba ne da yake shiga gaba a fagen fama, yake hana mutanensa cutar da raunana. Wannan ba mugun darasi ba ne.

Sai dai aibin ya fi yawa. Fim ɗin ya haura awa biyu, amma labarinsa bai fi a ba da shi kafin shayi ya tafasa ba. Saura duk fashe-fashe ne da hoto mai saurin juyawa, har ba ka gane wa ya doki wa. Ana rushe gine-gine cike da mutane, babu jana'iza, babu mai zaman makoki. Ita kuwa budurwar da ke ciki, Mikaela, an ce ta fi jarumin sanin gyaran mota, amma kyamara jikinta take bi, ba basirarta ba. Ba zan so ɗiyata ta koyi darajar mace daga nan ba. Sannan ruwa ba ya tsami banza: yawancin motocin jaruman na kamfanin General Motors ne, rundunar sojan Amurka kuma ta ba da jirage da sansanoni don ɗaukar hoto. Yaro yana zaton nishaɗi yake yi, alhali ana tallata masa mota da kayan wasa da ƙarfin sojan wata ƙasa a lokaci guda. Kashi na biyu da ya fito a 2009 ya ƙara da wasu tagwayen mutum-mutumi da masu sharhi da yawa suka ce izgili ne ga baƙar fata.

Wannan damuwa ba yau ta fara ba a ƙasarmu. A 1966 Moustapha Alassane, ɗaya daga cikin magabatan sinimar Nijar, ya yi fim mai suna Le Retour d'un aventurier. Wani saurayi ne ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawakai suka addabi garinsu da sata da faɗa. A wancan zamani kaboyi ne ya cika idon samari. Bayansa aka yi yayin Indiya, aka yi na karate, yau ga mutum-mutumi. Abin lura shi ne Alassane bai nemi a rufe sinima ba. Kyamara ya ɗauka ya nuna wa matasa kansu, har ya yi zanen katun nasa da kwaɗi, irin su Bon voyage Sim.

Mu ma a Arewa muna da namu babban fim na yaƙi. Sarraounia, wanda Med Hondo ya yi a 1986 daga littafin Abdoulaye Mamani, ya ba da labarin yadda Sarauniyar Lugu ta ƙi miƙa wuya ga rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilu 1899, rundunar da ta bi ta ƙasar nan tana ƙona garuruwa. Fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Akwai jarumta a cikinsa, akwai bindiga da kibiya, kuma waɗanda suka mutu kakannin wasu ne da muke cin kasuwa tare da su. Amma nawa ne cikin ɗalibanmu suka taɓa ganinsa? Mai cajin waya ba zai tura abin da ba a tambaye shi ba.

Don haka shawarata ga iyaye da 'yan'uwana malamai ita ce kada mu tsaya ga ƙwace waya, domin wanda aka hana a gida zai gani a wurin abokinsa. Mu zauna mu kalla tare da su ko sau ɗaya, mu tsallake wuraren da ba su dace ba, sannan mu tambaye su: wa ya biya kuɗin wannan fim, me yake so ku saya, ina mutanen da ke cikin benen da ya faɗi? Bayan haka mu nemo musu Sarraounia.

Yaron nan na mayar masa da littafinsa ban yaga zanen ba. Na ce ya zana mini Lugu ranar da aka kawo mata hari. Ya ce bai san yadda mutanen suke ado ba. Na ce ya je ya tambayi kakarsa. Bayan kwana uku ya dawo da zanen, da labarin da ni kaina ban taɓa ji ba. Allah ya shirya mana zuri'a.