Ciwon Ƙusumbi: Yadda Magani Mai Araha Ya Kama Mai Tsada

Yau za mu ba ku labarin ciwon nan mai cin ƙashin baya, har ya fitar wa yaro da ƙusumbi, wani lokaci ma ya shanye masa ƙafafu. Waɗansu suna cewa faɗuwa ce, waɗansu su ce iska ce. Galibi kuwa tarin fuka ne ya bar huhu ya sauka cikin ƙashi. Wani likitan Ingila, Pott, shi ya bayyana kamanninsa a 1779, amma sai a 1882 Koch, Bajamushe, ya gano ƙwayar cutar.

A zamanin da, dabarar Turawa ita ce kwanciya. Akan ɗaure majiyyaci a gadon filasta, ya shekara ɗaya ko biyu, ko juyawa ba ya yi. Ku lissafa da kanku: gado ɗaya, mutum ɗaya, shekara biyu, ga ci ga sha, ga mai jinya ya bar gonarsa. Da aka sami allurar sitiraftomaisin a 1943, da ƙwayar isoniyazid a 1952, mace-mace suka ragu ƙwarai, amma likitoci ba su saki gadon ba. A 1956 kuma Likita Hodgson na Hongkong ya fito da wata babbar fiɗa, a buɗe mutum ta gaba, a kwashe ruɓaɓɓen ƙashi, a dasa mai kyau. Aiki ne gwanin kyau, sai dai yana bukatar gwanin likita, da jini, da kuɗi masu yawa.

To, a nan ƙasarmu ta shigo labarin. A asibitin koyarwa na Badun, Likita Konstam ya ga majiyyata sun fi gadaje yawa nesa ba kusa ba. Sai ya riƙa ba su ƙwayoyi, su koma gida suna yawonsu, su riƙa dawowa ana duba su. A 1962 ya ba da labari cewa mafi yawansu sun warke. Manyan likitoci suka yi ta gardama, don abin ya yi musu araha da yawa.

Don a raba gardama, Majalisar Binciken Magunguna ta Ingila ta shirya gwaji a ƙasashe dabam-dabam. A Masan ta ƙasar Koriya aka kwantar da rabin yara wata 6 a asibiti, rabi aka sallame su. A Pusan aka sa wa waɗansu rigar filasta wata 9, waɗansu ba a sa musu ba. A Bulawayo, ƙasar da ake kira Zimbabuwe yanzu, aka yi wa waɗansu fiɗa, aka bar waɗansu. Dukansu kuwa suna shan ƙwayoyi wata 18. Daga 1973 sakamako ya fara fitowa: wanda ya kwanta da wanda ya yi yawo, warkewarsu kusan ɗaya. Ashe ƙwayar ce ke aikin, gado da filasta kuɗi kawai suke ci. Daga baya a Madaras ta Indiya aka ga in an haɗa da rifamfisin, wata 9 ma ya isa.

Kada ku ce fiɗa ba ta da rana. Irin ta Hongkong tana sa ƙashi ya haɗe da wuri, ƙusumbin kuma ba ya ƙaruwa. Wanda ƙafafunsa suka shanye, magani bai tashe shi ba, shi ne na wuƙa, kuma don irinsa ake da asibitin ƙashi na Dala a Kano. Abin da ke ba ni takaici shi ne mai zuwa a makare, bayan an sayar da akuya an kai wa maɗori, alhali ba karaya ba ce balle a ɗora.

Maganin tarin fuka kyauta gwamnati ke ba da shi. In yaro ya yi makonni yana kukan baya, yana ramewa, yana zufa da dare, in zai ɗauki abu a ƙasa sai ya durƙusa don baya ba ya lanƙwasuwa, ku kawo shi ɗakin magani a tura shi ɗaukar hoto. In an fara ƙwayar kuma, ko ya ji sauƙi a wata na biyu, kada a tsaya sai likita ya ce a tsaya.