Layin Dogo da Danfo: Tarihin Sufurin Jama'a a Garin Agege

1.0 Gabatarwa

Agege ɗaya ne daga cikin manyan garuruwan da suka kewaye birnin Legas daga arewa. Ƙidayar jama'a ta 2006 ta nuna akwai mutum kusan 460,000 a ƙaramar hukumar Agege kaɗai, ban da maƙwabtanta irin su Ifako-Ijaiye da Alimosho. Da yawan waɗannan mutane kwana kawai suke yi a garin, domin wuraren neman abincinsu suna Ikeja da Oshodi da Apapa da tsibirin Legas. Saboda haka batun abin hawa a wurinsu batu ne na samun abin sakawa a bakin salati.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin hanyoyin sufurin da suka haɗa Agege da cikin birni tun daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa 2024. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, hanyar da ta raya garin an shimfiɗa ta ne domin kaya, kuma an kwashe shekaru fiye da ɗari kafin hukuma ta mayar da ita hanyar ma'aikata ta sosai. A tsakanin wannan lokaci, masu motocin haya ne suka ɗauki nauyin jama'a, da daɗi ba daɗi.

2.0 Jirgin Ƙasa da Goro

Asalin mazauna wannan yanki Yarbawan Awori ne, manoma. Abin da ya sauya musu rayuwa shi ne layin dogon da Turawan mulkin mallaka suka fara shimfiɗawa daga Legas a 1896, wanda ya ratsa ta Agege, ya isa Ibadan a 1901. A 1912 aka haɗe shi da layin da ya taso daga Baro zuwa Kano, sai ya zama ana iya ɗora kaya a bakin teku a sauke su a ƙasar Hausa.

Samun tasha ya jawo masu jari daga Legas suka buɗe manyan gonaki a Agege da Ifako. Fitacce daga cikinsu shi ne J. K. Coker, wanda ya shahara da noman koko, kuma yana cikin jagororin ƙungiyar manoman Agege da aka kafa a 1907. Daga baya goro ya samu gindin zama a gonakin yankin. Kafin wannan lokaci fataken Hausawa Gwanja suke zuwa neman goro da ayarin jakuna, tafiyar watanni. Irin goron da Hausawa suka fi so shi ne aka riƙa dasawa a ƙasar Yarbawa, kuma har yau ana kiransa da suna gbanja, wato Gwanja ke nan a bakin Bayarabe. Da goro ya samu a kusa da tasha, sai fatake suka kafa zango a Agege, suna saye, suna ɗaure huhu, suna loda wa jirgi zuwa arewa. Daga wannan zango ne al'ummar Hausawan Agege ta tsiro, har ta kai ga samun sarkinta. Cinikin dabbobi ma ya bi sahu, shi ya sa babbar mahautar Legas take Oko-Oba, a gefen garin.

Abin lura a nan shi ne, Turawa ba su yi wannan layi don mai zuwa aiki da safe ya komo da yamma ba. Burinsu shi ne fitar da koko da auduga da gyaɗa da kuza zuwa bakin ruwa. Ana ɗaukar fasinja, amma tsarin jirgin na dogon zango ne.

3.0 Sufurin Cikin Birni Kafin 1967

A cikin birnin Legas kansa an fara gwada sufurin jama'a tun da wuri. An buɗe gadar Carter a 1901, ta haɗa tsibirin da Iddo inda babbar tashar jirgi take. A 1902 aka fara gudanar da wani ɗan ƙaramin jirgi mai aiki da tururi a kan titunan birnin. Bai daɗe yana ɗaukar mutane ba, domin an tsayar da wannan aiki a ƙarshen 1913, aka bar shi yana kwasar ƙazantar gari har zuwa 1933.

Daga nan 'yan kasuwa suka karɓi fagen. Wata attajira, Charlotte Obasa, ta kafa kamfanin motocin haya mai suna Anfani, sunan da masu nazarin aron kalmomi za su gane nan take, tunda kalmar amfani ce ta Hausa da ta shiga Yarbanci. A 1929 wani Bagirke, J. N. Zarpas, ya kafa nasa kamfanin bas-bas, wanda ya mamaye harkar har 1958 lokacin da majalisar birnin Legas ta saye shi ta mayar da shi na hukuma.

Sai dai akwai wata matsala ta mulki. Tun daga 1954 birnin Legas yankin gwamnatin tarayya ne, alhali Mushin da Oshodi da Ikeja da Agege suna ƙarƙashin Jihar Yamma, wadda hedikwatarta take Ibadan. Hukumar da take da motoci ba ta da iko da garuruwan da jama'a suke ta cika, wadda take da iko da su kuwa tana nesa. A daidai wannan lokaci ne gwamnatin Jihar Yamma ta buɗe unguwar masana'antu a Ikeja, leburori suka yi ta kwararowa suna neman ɗakin haya mai araha a Agege. Ba a haɗe birnin da kewayensa ƙarƙashin hukuma ɗaya ba sai a 1967 da aka ƙirƙiro Jihar Legas, kuma kafin nan gari ya riga ya yaɗu ba tare da tsari ba.

4.0 Bolekaja da Molue da Danfo

Giɓin da hukuma ta bari, masu ƙaramin jari ne suka cike shi. Da farko akwai bolekaja, wato babbar mota mai bodin katako da bencina a jere. Ma'anar sunan da Yarbanci ita ce "sauko mu yi faɗa", domin matsin da ke ciki bai bar wurin da yaron mota da fasinja za su raba raini ba sai an sauka ƙasa. Bayanta sai molue, doguwar bas mai launin rawaya da ake ƙera bodinta a gida a kan ƙashin babbar mota, wadda na tsaye a cikinta sukan fi na zaune yawa. Sai kuma danfo, ƙaramar bas ƙirar Volkswagen, mai rawaya da baƙin zane, wadda ita ce takwarar kiya-kiya ta ƙasar Hausa. Babbar hanyarsu ita ce titin da ake kira Agege Motor Road, wanda ya bi gefen layin dogo daga Mushin zuwa Oshodi da Ikeja.

Wannan tsari yana da amfani, yana kuma da illa. Direban danfo yakan shiga lungun da motar gwamnati ba ta zuwa, kuma yana fita tun kafin asuba. Amma kuɗin mota ba shi da tsayayyen farashi, yakan tashi idan an yi ruwa ko fetur ya yi wuya. Direba yana da balas ɗin da zai kai wa mai mota kowace rana, ga kuɗin da 'yan kamasho, waɗanda ake kira agbero, suke karɓa a kowace tasha. Wannan ne ya sa gudu da lodi fiye da kima suka zama ɗabi'ar sana'ar.

Arzikin man fetur na shekarun 1970 ya ƙara yawan motoci, kuma mayar da hedikwatar jiha Ikeja a 1976 ya ƙara wa yankin Agege nauyi. Cunkoso ya kai matsayin da a 1977 gwamnati ta kafa dokar raba ranakun shiga wasu manyan tituna bisa lambar mota, masu mara da ranarsu, masu cika da tasu. Masu hali suka sayi mota ta biyu, dokar ba ta yi tasirin da aka zata ba.

5.0 Aikin da Aka Soke

Gwamna Lateef Jakande ya ƙaddamar da aikin jirgin cikin gari a 1983, wanda aka tsara zai taso daga Marina ya bi ta Yaba har Agege. Wannan ne karo na farko da aka yi niyyar yi wa ma'aikatan wannan yanki jirgi nasu na kansu. Juyin mulkin ƙarshen 1983 ya kawar da gwamnatin farar hula, kuma a 1985 gwamnatin soja ta Muhammadu Buhari ta soke kwangilar, aka ƙare da biyan diyya ga kamfanonin Faransa a kan aikin da ba a yi ba.

Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota da kayan gyara suka gagari masu haya. Gwamnatin tarayya ta ɓullo da shirin sufurin jama'a a 1988, ta rarraba bas-bas, amma rashin kulawa ya kwantar da yawancinsu. Cikin wannan hali ne babur ɗin haya ya yaɗu. Mutanen Legas suka raɗa masa suna okada, daga sunan wani kamfanin jiragen sama, abin da ake kira acaɓa a arewa. Sana'ar ta jawo ɗimbin matasa daga arewacin Nijeriya da Nijar. Mai ƙafa uku kuwa ya samu sunan keke Marwa, daga Buba Marwa wanda ya mulki jihar tsakanin 1996 da 1999. Hukumar jiragen ƙasa ta ƙasa ta riƙa gudanar da jirgin safe da yamma daga Iddo zuwa garuruwan bayan Agege, amma taragun ba sa isa, har wasu sukan hau rufi, abin da ya yi sanadin asarar rayuka.

6.0 Komawa Kan Tsohon Layi

Sauyi ya fara ne da kafa hukumar LAMATA bisa dokar 2002, domin a samu hukuma guda mai tsara sufurin birnin baki ɗaya. A 2008 ta buɗe hanyar bas ta musamman daga Mile 12 zuwa CMS, a 2020 kuma ta buɗe ta Oshodi zuwa Abule Egba, wadda ta fi kusa da mutanen Agege. A 2021 aka buɗe gadar sama ta Pen Cinema, wadda ta tsallake layin dogo a inda motoci suka daɗe suna cushewa. A wannan shekara ce kuma aka ƙaddamar da sabon layin Legas zuwa Ibadan, da sabuwar tasha a Agege.

A watan Fabrairun 2024 aka ƙaddamar da Jan Layi, mai tsawon kilomita 27 daga Agbado zuwa Oyingbo, ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoba. Tashoshinsa sun haɗa da Iju da Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba. Duk wanda ya duba taswira zai ga cewa wannan ita ce hanyar da aka share tun 1896, kuma kusan ita ce wadda Jakande ya nufa shekaru 41 kafin nan.

Sabon tsarin bai zo wa kowa da alheri ba. A 2022 gwamnati ta haramta okada a ƙananan hukumomi goma, ciki har da Ikeja da Mushin da Oshodi-Isolo, matasa da yawa suka rasa abin yi. Janye tallafin fetur a 2023 kuma ya ɗaga kuɗin mota ƙwarai.

7.0 Kammalawa

An ga yadda layin dogo ya jawo manoma da fatake Agege, yadda rabuwar iko tsakanin Legas da Ibadan ta bar garin ba tsari, da kuma yadda bolekaja da molue da danfo da okada suka riƙe jama'a a lokacin da hukuma ta gaza. Sunayen waɗannan ababen hawa kansu shaida ne na tarihi, kuma fage ne da ya cancanci masana harshe su zurfafa bincike a kansa. Jan Layi ya rage nisan da ke tsakanin Agege da cikin birni, amma layi ɗaya ne, kuma mazaunin Dopemu ko Orile Agege sai ya hau danfo ko keke kafin ya kai tasha. Aikin da ya rage wa hukuma shi ne haɗa waɗannan ƙananan motoci da jirgin cikin tsari ɗaya, a kan farashin da lebura zai iya biya kowace safiya.